Gudun da na yi a Minnesota

Maƙwabcinmu a Minneapolis wani tsohon Bature ne ɗan fansho, ba shi da zance sai na ƙwallon Amurka, wadda ake rungumewa a ƙirji a ruga da ita. Tun ranar da ya ji daga Najeriya nake ya ɗora mini ido. Wai ai ƙasar Christian Okoye ce, mutumin Enugu da ya fi kowa gudu da ƙwallo a gasar NFL a 1989, yadi 1,480 a ƙungiyar Kansas City. Ni da iska mai ƙarfi ke iya kayarwa. Amma ban musa ba, wa ke ƙin yabon banza?

Da ya gayyace mu cin abincin bikin Thanksgiving, sai na ce ba da ni za a ji kunya ba. Na duƙufa hadda. Tom Brady ya ci kofin Super Bowl sau 7, shida da New England, ɗaya da Tampa Bay, alhali sai da aka ɗauki mutum 198 kafin a waiwaye shi a zaɓen 'yan wasa na 2000. Jerry Rice ya tara yadi 22,895 wajen cafe ƙwallo. Emmitt Smith na Dallas, yadi 18,355 a guje. Uwargida ta leƙo ta ce, "Maigida, da haka ka dage a makarantar allo, da yanzu kai ke jan baƙi a tafsirin azumi."

Ranar biki ana yanka talotalo ina zuba lambobi. Tsoho sai gyaɗa kai yake, yana nuna ni ga surukansa da cokali. Na zaci an gama. Ashe al'adar gidan ce, in an ƙoshi sai maza su fita fili su raba ƙungiya biyu. Babu wanda ya tambaye ni ko na san dokokin wasan, mutumin da ya san yadin Jerry Rice har na ƙarshe.

Ba a daɗe da farawa ba ƙwallo ta suɓuce wa wani ta gangaro gabana, tana tsalle kamar kazar da aka yanka. Na sunkuya na cafke. Wani ƙato ya bangaje ni na yi juyi biyu, da na ɗago sai ga fili fetal, ko mutum ɗaya babu. Na ce yau Okoye ya dawo. Na zuba a guje, ana ta ihu a bayana, ni kuma ina ƙara mai. Da na waiga na ga 'yan ƙungiyarmu ne ke bi na, sai na ce rakiya ce. Na isa ƙarshen fili, na wurga ƙwallo sama, har da ɗan taka rawa.

Abokan hamayya ne suka fara zuwa ba ni hannu. Gidanmu na kai ta, na ba su maki biyu kyauta.

Tsoho ya yi dariya har da hawaye. Da ya samu numfashi ya ce an taɓa yi, kuma ɗan ƙungiyarsu ta Vikings ne. A 1964 Jim Marshall ya tsinci ƙwallo a wasansu da San Francisco, ya yi gudun yadi 66 zuwa gidansu. Mutumin da ya buga wasa 282 a jere ba fashi, amma gudun nan ake fara ambata in an kira sunansa. Na ji ɗan sanyi, sai wani suruki ya ƙara da cewa Vikings dai sun ci wasansu a ranar. Mu kuwa da maki biyun nan aka doke mu.

Ashe uwargida ta ɗauki bidiyo, ta tura zauren WhatsApp na dangi. Da asuba sai ga saƙon murya daga Hajiya a Zariya: "Kai, me ka ɗauko wa Turawa suke bin ka haka? Maza ka mayar musu da abinsu."