Ba hoto ɗaya ba ne, Malam

Tun jiya abin yake cina a rai, gara in faɗe shi in huta. Waɗanda muke tare a teburin mai shayi sun ji da kunnensu. Mutum mai digiri, mai koyar da 'ya'yan mutane, ya karɓi wayata ya kalli hoton ragowar wani tauraro da ya fashe, mai suna SN 1987A, na daƙiƙa biyu, ya miƙo mini ya ce wai tun 1987 hoto ɗaya Turawa suke ta maimaita mana don su ci kuɗin gwamnatocinsu. Aka yi dariya, aka ci gaba da kurɓar shayi. Ni ban yi dariya ba, don maganar ƙarya ce, kuma daga bakin malami ta fito.

Malam, ba hoto ɗaya ba ne. Wanda ya ɗauki hoton ɗansa ranar suna, ya ɗauka ranar shiga firamare, ya sake ɗauka ranar aure, za ka ce masa hoto ɗaya yake maimaitawa?

A ranar 23 ga Fabrairun 1987 hasken fashewar ya iso duniya, bayan ya shafe kimanin shekara 168,000 yana tafe daga wani gungun taurari da ke maƙwabtaka da namu, wanda ake kira Babban Gajimaren Majelan. Ian Shelton na cikin waɗanda suka fara lura da shi, daga wata cibiyar kallon taurari a ƙasar Cile. Rabon da ɗan Adam ya ga irin wannan fashewa da ƙwayar idonsa, ba na'ura, tun 1604. Kusan shekara ɗari huɗu ana jira! Sa'o'i kaɗan kafin hasken ya bayyana, wasu na'urori da aka binne a ƙarƙashin ƙasa a Japan da Amurka da Tarayyar Sobiyet suka kama wasu ƙananan ƙwayoyi da ake kira nutirino, ashirin da 'yan kai, cikin daƙiƙa goma sha wani abu. Daga wannan 'yar ƙididdiga aka tabbatar cewa cibiyar tauraron ce ta rufta. Masatoshi Koshiba na Japan ya samu rabonsa na kyautar Nobel a 2002 kan aikin kama irin waɗannan ƙwayoyi.

Wannan farkon labarin ke nan, kuma nan ne iliminka ya tsaya.

Da aka harba na'urar hangen taurari ta Hubble zuwa sararin samaniya a 1990, sai aka ga zobe na iskar gas zagaye da wurin, faɗinsa ya haura tafiyar haske ta shekara guda. Tauraron ne ya furzar da wannan gas kimanin shekara 20,000 kafin ya fashe. Masana suka ce ku jira, tarkacen fashewar yana gudu dubban kilomita a kowace daƙiƙa, zai iske zoben nan ya buge shi. Aka jira. Wajen tsakiyar shekarun 1990 ɗigo ɗaya ya kama haske a jikin zoben. Ɗaya tak. Sai na biyu, sai na uku, har zuwa tsakiyar shekarun 2000 zoben ya cika da ɗige-ɗige kamar carbi. Bayan nan suka fara dusashewa, domin bugun yana cinye gas ɗin yana wucewa gaba. Ka jera hotunan shekara bayan shekara a waya, ka riƙa goga yatsa, za ka ga abin yana kamawa yana mutuwa a gabanka. Na nuna wa ƙaramar 'yata, mai shekara tara, nan take ta ce: “Baba, wannan ya fi wancan haske.” Yarinya ta gani, malami bai gani ba.

Kuma ba zoben kaɗai ba. A tsakiya, tarkacen ya huce ya zama ƙura mai yawan gaske, na'urorin hangen taurari na ALMA da ke hamadar Atakama suka nuna ta a 2014. Irin wannan ƙura ce ake gina sababbin taurari da duniyoyi da ita. Sannan babbar tambayar da ta hana masana barci shekara talatin da wani abu: ina abin da ya rage na cibiyar? Lissafi ya ce dole a samu wani dunƙulallen tauraro mai tsananin nauyi, tauraron nutiron, amma ƙura ta rufe shi. Sai a Fabrairun 2024 aka sanar cewa na'urar hangen taurari ta James Webb ta ga alamar iskar argon da farar wuta, waɗanda wani abu mai tsananin zafi yake haskawa daga tsakiyar. Waɗanda suka fara neman nan suna samari, yau da furfura suke karanta amsar. Wannan ne kake kira hoto ɗaya?

Na san abin da za a ce: yunwa ake yi, ina ruwanmu da tauraro. Ba kuɗin tuwonka aka ɗiba ba, kuma rashin saninka bai ƙara maka mudu ɗaya na masara ba. Wani zai ce launukan hoton na kwamfuta ne. E, hasken da ido ba ya gani ne ake ba shi launi don a iya kallo, ba wanda ya ɓoye hakan. Ƙyale wannan. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai cewa harkar Turawa ce. A shekarar 1006 wani matashi a Masar, Ali ibn Ridwan, ya ga sabon tauraro ya bayyana, ya rubuta inda ya tsaya, ya kwatanta girmansa da na Zahra, haskensa da na wata. Yau sama da shekara dubu, masana suna kallon ragowar wancan tauraron kuma suna komawa ga abin da ya rubuta. Ya kalla, ya rubuta, ya bar wa na baya. Mu kuma mu kalla daƙiƙa biyu mu yanke hukunci.

Wallahi abin da ke damuna shi ne ɗalibansa. Malamin da bai yarda akwai abin da sai an yi shekara arba'in ana duba shi kafin a fahimta ba, me zai gaya wa yaron da ya shuka wake a gwangwani ya ga kwana uku bai tsiro ba?

Daren jiya da aka ɗauke wuta na fitar da yara tsakar gida. Na tambaye su ina Kaza da 'Ya'yanta, ba wanda ya sani, har babban. Kakata kuwa ba ta taɓa shiga aji ba, amma daga kan tabarmarta take nuna mana su da bakin muciya, ta ce mu ƙirga 'yan tsakin. Ni shida nake gani, ita ta dage bakwai ne.