Kada a sallama wa kamfanoni kekunan hayar Landan

Tun da hawan jajayen kekunan haya na birnin Landan ya ragu a 2023, bayan an hau su sau fiye da miliyan 11 a 2022, wasu suka samu bakin magana. Wai zamanin keken hukuma ya wuce, a bar wa Lime, kamfanin korayen kekunan haya marasa tashar ajiya, da ire-irensa harkar, tunda ba sa cin kuɗin haraji. Maganar nan tana ci mini rai, don masu yin ta kamar ba su taɓa takawa da ƙafa a gefen titin birnin ba.

Wanda ya taka ya gani. Koren keke kwance a tsakiyar hanyar masu tafiya a ƙasa, wani jingine a ƙofar shago. Makaho ya taho da sandarsa ya ci karo da shi. Mai jego da keken jariri dole ta sauka kan kwalta, cikin motoci. Abin ya kai ga ƙaramar hukumar Brent ta ba Lime wa'adi a 2024, ko ya gyara ko ya kwashe kayansa, kafin aka daidaita kan keɓe wuraren ajiya.

Keken hukuma kuwa yana da gida. Ranar 30 ga Yulin 2010 aka ƙaddamar da shi, da kekuna kusan 5,000 a tashoshi 315, lokacin Boris Johnson yana magajin gari, ko da yake wanda ya gada, Ken Livingstone, shi ne ya fara kawo shawarar. Bankin Barclays ya ɗauki nauyinsa da farko, Santander ya karɓa a 2015. Yau ana maganar kekuna wajen 12,000 da tashoshi kusan 800. Keken yana da nauyi, giya uku ce kawai, amma idan ka gama sai ka tura shi cikin maƙalinsa, ka jira koriyar fitila ta kama, sannan ka tafi. Mu da muka tashi muna hayar keke a unguwa mun san wannan ƙa'ida: inda ka ɗauka akwai mai lissafi, kuma ba a yar da keke a bakin kwata.

Masu cewa kasuwa za ta gyara kanta, su tuna da Ofo. Kamfanin ya cika biranen Sin da kekuna masu ruwan ɗorawa, har aka riƙa tara waɗanda aka watsar tsibi-tsibi a filaye kamar juji. A ƙarshen 2018 mutane sama da miliyan 10 ne ke jiran a mayar musu da kuɗin ajiyarsu. Shi da Mobike, wani kamfanin Sin irinsa, duk sun shigo Ingila da ɗoki. Mobike ya bar Manchester a 2018, Ofo ya tattara ya bar Landan ba da jimawa ba. Kamfanin da ya zo neman riba, ranar da ribar ta ƙi, ba ya sallama da kowa. Ma'aikacin da ya saba zuwa aiki a kan kekensa shi ake bari a tsaye.

Ban wanke hukumar sufuri ta TfL ba. Ita ta ƙara kuɗin haya a 2022, ita ta yi jinkirin kawo kekuna masu lantarki har sai wannan shekarar ta 2022, kuma 500 kacal ta fara da su, alhali abokan gasarta sun riga sun cika gari. Mafi muni, ta tattare tashoshinta a tsakiyar birni, ta bar unguwannin gefe irin su Croydon babu ko ɗaya. Gurbin da ta bari shi kamfanonin suka shige. Wannan sakaci ne, kuma ba a maganin sakaci da miƙa wuya.

A rage kuɗin haya, a ƙaro masu lantarki, a kai tashoshi unguwannin da talakan Landan yake kwana. Kamfanin da yake son zama kuwa, a shata masa wurin ajiya, duk keken da aka tsinta a kan hanyar mutane ya biya tararsa.