Wai marubutan Ailan sun cika son fatalwa

Kun ga sharhin nan da ake ta yawo da shi tun shekaranjiya, wanda mai shi ya ce littattafan Ailan na zamani "tatsuniyar dodo ce aka sa wa riga". Madalla da malam masani! Ashe mutanen da suka binne miliyan guda sai sun je aron tsoro a waje.

Tsoron da ke cikin adabin nan, wanda ake kira salon Gotik, daga tarihin ƙasar aka ɗebo shi. Tsakanin 1845 da 1852 cuta ta ruɓar da dankali, abincin talaka. Kusan mutum miliyan 1 yunwa da zazzaɓi suka kashe, wasu miliyan 1 suka tsallaka teku, a ƙasar da mutanenta suka ɗan haura miliyan 8. An zuba gawarwaki a rami ɗaya babu akwati. Bram Stoker, marubucin Dracula, labarin mataccen da ke tashi yana shan jinin mutane, a cikin wannan yunwar aka haife shi a Dublin, 1847. To mamakin me kuke yi in mataccen da bai kwanta ba ya cika littattafansu?

Ku dubi kayan aikin salon: babban gida, ƙofa a kulle, gawar da ba a yi wa sutura ba, da gari guda da ya sani amma ya kama bakinsa. Wanne ne ƙirƙira a ciki? Gidajen wankin Magdalene, inda sistocin coci suka tsare 'yan mata suna wanki ba albashi, sai 1996 aka rufe na ƙarshe. A garin Tuam, wata mai binciken tarihi, Catherine Corless, ta tattaro takardun mutuwar yara 796 na wani gidan sistoci da ake ajiye matan da suka haihu ba aure da 'ya'yansu, wanda ya yi aiki daga 1925 zuwa 1961, ta rasa inda aka binne su. A 2017 aka tabbatar da ƙasusuwa a wasu ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da ke da alaƙa da ruwan ƙazanta. Ruwan ƙazanta fa, jama'a.

Shi ya sa marubuciya Claire Keegan ba ta buƙaci aljani ko ɗaya ba a littafinta Small Things Like These. Mai sayar da kwal ya buɗe rumbun gidan sistoci a 1985, ya tarar da yarinya a kulle, matarsa ta ce ya kau da kai. Wannan kau da kan shi ne dodon. Inda marubuci ke faɗuwa shi ne ya kawo kukan mujiya da ƙarar ƙofa, ya manta da wanda ke riƙe da makulli. Sai labarin ya zama wasan yara.

Na san za a ce ai sun yi arziki, su daina tone-tone. Ku gaya wa iyalan Tuam, inda sai a 2025 aka fara haƙar gaske. Masu cewa Turawa ne, ina ruwanmu, ku wuce kawai, ba da ku nake ba.