Lesin lissafi a Ingila da a gida

Tun da na zo Ingila nake koya wa yara lissafi da yamma bayan sun taso daga makaranta, kuma kafin nan na yi irin wannan lesin a Najeriya. Abin da ya fi damuna a ƙasashen biyu ɗaya ne: iyaye ba sa neman malami sai jarrabawa ta ƙarato.

A nan, jarrabawar kammala sakandare ta GCSE ce abin tsoro, wadda yaro ke rubutawa yana ɗan shekara 16. Maki daga 9 ne zuwa 1, 9 ce mafi girma, kuma wanda bai kai 4 a lissafi ba, dole ya ci gaba da karanta shi har ya shekara 18. A gida kuwa C6 ake nema a WAEC ko NECO, domin in babu kiredit a lissafi, sai dai yaro ya haƙura da likitanci da injiniyanci. To sai a kawo maka shi saura wata uku, a ce, "Malam, a taimaka a bi masa tambayoyin baya." Ba a fafe gora ranar tafiya. Da ka zauna da shi sai ka ga ba aljabara ce ta kayar da shi ba. Yana ganin rubu'i ya fi sulusi, tunda ai 4 ta fi 3. Tun firamare aka baro shi a baya, shekara biyar ko shida ana ta ɗora masa sabon darasi.

Inda yaran suka bambanta shi ne hali. Ɗan gida yana da hadda, zai rera maka bakwai sau takwas ba gargada, amma in ka tambaye shi ya gane, sai ya ce e, ko da bai gane ba, saboda an saba masa da tsawa. Ɗan Ingila kuwa ba ya jin nauyin cewa bai fahimta ba, wannan kuma yana burge ni ƙwarai, sai dai hannunsa na saurin kaiwa ga kalkuleta. Ingila ma ta lura da muhimmancin haddar, tun 2022 ta wajabta gwajin ninki har 12 sau 12 ga 'yan aji huɗu na firamare, tambaya 25, kowace daƙiƙa shida.

Ni dai na fi shan wuya da mai cewa ya gane. Sai na yi makonni kafin ya yarda cewa kuskure a gabana ba zai jawo masa faɗa ba.

Shi ya sa in uwa ta ce mini ɗanta yana ci gaba don yana gama aikin gida, nakan roƙe ta, "Hajiya, yau ki sa shi ya bayyana miki lissafi ɗaya da bakinsa, ya rufe littafin."