Sammacin da bai kai hannun ɗan haya ba

A ce magidanci yana zaune da iyalinsa a gidan haya a unguwar Tudun Jukun ko Hayin Dogo da ke Zariya, bai san an yi ƙararsa ba, bai taɓa ganin sammaci da idonsa ba, sai kwatsam ga ma'aikatan kotu da 'yan sanda a ƙofa, ana watso katifa da tukwane waje a gaban yara. Wannan zalunci ne tsagwaronsa, kuma daga wajen kai takarda ake ƙulla shi.

Doka fa ba ta bar abin a duhu ba. Mai gida zai fara ba da notis ɗin tashi. In ba a rubuta wani wa'adi a yarjejeniya ba, mai biyan wata-wata yana da wata 1, mai biyan shekara wata 6. Wa'adi ya cika bai tashi ba, sai a ba shi takarda ta biyu ta kwana 7, cewa za a je kotu. Bayan nan ne sammaci zai fito, kuma masinjan kotu ne zai kai shi, hannu da hannu.

To a nan ake cin amanar. Wani masinjan zai karɓi kuɗin mota a hannun mai gida, ya leƙa zaure sau ɗaya da rana tsaka, lokacin da kowa ya san mutumin yana kasuwa ko wurin aiki, ya miƙa wa yaron maƙwabta ko mai shagon ƙofar gida, ya koma ya cika takardar rantsuwa cewa ya ba shi. Wani ko zuwan ba ya yi. Manna takarda a ƙofa kuwa ba ra'ayin masinja ba ne, sai alƙali ya ba da izini bayan an nuna masa an nema ba a samu ba. Amma sai ka ga an manna a bangon gidan haya mai ɗaki goma, ba a ƙofar mutumin ba, ruwan damina ya wanke ta kafin magariba. Ɗaliban da ke haya a Samaru su ma suna shan wannan, a manna lokacin hutu suna garuruwansu.

Ranar zama alƙali ya duba fayil, ya ga shaidar an kai, ya saurari ɓangare ɗaya ya yanke. Ina sashe na 36 na tsarin mulkin 1999 da ya ba kowa haƙƙin a saurare shi? Kotun Ƙoli ta sha faɗa cewa in ba a kai sammaci ba, kotu ba ta da hurumin yin shari'ar.

Alhaji mai gida, kai ma wannan wayon ba riba ba ne, domin hukuncin rusasshe ne, ka koma farko ga kuɗin lauya ya tafi.

Wanda abin ya faɗa wa kada ya tsaya cacar baki da masinja a ƙofa. Ya garzaya wajen rajistaran kotun, ya nemi kwafin takardar rantsuwar mai hatimi, ya duba rana, wuri da sunan wanda aka ce an ba. Ya kai wa lauya a ranar, a shigar da buƙatar dakatar da fitarwar da soke hukuncin tun ba a zuba wani ɗan hayan a ɗakin ba.