Har Fafaroma kuka sa ya yi wa Kyaftin kirari

To, an sake tono bidiyon nan na Fafaroma. Wanda aka ce wai yana amsa wasiƙar Kyaftin Ibrahim Traoré, sojan da ya karɓe mulkin Burkina Faso, yana yaba masa, yana jinjina wa Burkina Faso. Shafukan da ke kiran kansu muryar Afirka sun sake ɗauka, an jera tutoci, an rubuta "abin da Turawa ba sa so ku gani". Na ajiye layi ɗaya a ƙarƙashin wani daga cikinsu cewa na bogi ne. Kafin la'asar na zama yaron Faransa, ɗan koren Nasara, har wani bawan Allah ya tambaye ni nawa Macron yake biya na a wata. Madalla. In albashin ya iso zan sanar da ku.

Fadar Vatikan ta ƙaryata bidiyon nan tun watan Mayun 2025. Hoton na gaske ne, an ɗauko shi daga ganawar da Fafaroma Leo na 14 ya yi da 'yan jarida ranar 12 ga Mayu, sai aka cire muryarsa aka ɗora ta na'ura, aka ja shi har minti 36. Ku kalli leɓensa da kyau, ku kalli yadda hannu ɗaya yake ta maimaita motsi ɗaya a kan takardar. Amma abin da ya fi ci mini rai shi ne abin da mutumin ya faɗa da bakinsa a wannan zama: ya roƙi a saki 'yan jaridar da ke tsare saboda sun faɗi gaskiya. A daidai lokacin kuwa Guezouma Sanogo da Boukari Ouoba, shugabannin ƙungiyar 'yan jaridar Burkina Faso, suna hannun sojoji. An ɗauke su a Maris 2025 bayan sun koka kan yadda ake toshe bakin jarida, daga baya aka nuno su a wani bidiyo sanye da kakin soja, an tura su fagen daga dole. Wato an sace hoton mai roƙon a saki 'yan jarida, an yi wa mai kama 'yan jarida kirari da shi. Kuma ni ne maras kishi.

Maganata ɗaya ce, kuma zan yi ta maimaita ta har ta gundure ku. Duk kafar labaran da ba ta iya tambayar mai bindiga na gida, ba yaƙar mulkin mallaka take yi ba. Gidan rediyon Gwamnan mulkin mallaka ce aka sauya wa tuta.

Na san abin da ke tafe. "To BBC fa? RFI fa? Su tsarkaka ne?" Don Allah a daina koya mini karatun da na haddace. Na san abin da ayarin sojojin Faransa na Voulet da Chanoine ya yi a 1899, yadda suka bi ƙasar Hausa suna ƙona garuruwa, suka yi wa Birnin Ƙonni kisan kare dangi, na san Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu. Na san Satiru, 1906, gab da Sakkwato, inda Ingila ta shafe gari guda, aka kashe mutum kusan 2,000, har yau kango ne. Na san Thiaroye ta Senegal, 1 ga Disamba 1944, sojojin Afirka da suka yi wa Faransa yaƙi suka dawo suka ce a biya su haƙƙinsu aka buɗe musu wuta, Faransa ta yi shekaru tana cewa mutum 35 ne, sai da aka cika shekara 80 kafin shugabanta ya yarda ya kira abin kisan kiyashi. Na san an kashe Lumumba na Kwango ranar 17 ga Janairu 1961, aka narkar da gawarsa, sai a 2022 Beljiyam ta maido wa iyalansa haƙori ɗaya. Haƙori ɗaya, jama'a! Na san tun 1945 aka ƙirƙiro sefa, har yau a Faransa ake buga ta, an ɗaure ta a 655.957 kan yuro guda. Na san tun 1971 ake haƙar yuraniyom a Arlit ana haska biranen wasu, ƙauyukan Nijar suna kwana a duhu. Na ga yadda manyan kafafen Yamma suka yi wa yaƙin Iraƙi shimfiɗa a 2003, suka yi wa ruguza Libiya guɗa a 2011, mu kuma a Sahel muka kwashi makaman da suka malalo. Na ga Tarayyar Turai mai wa'azin 'yancin magana ta rufe kafafen Rasha RT da Sputnik a Maris 2022 ba tare da ta ji kunya ba.

Duk na sani. Sai me? Wanne daga ciki ne ya halatta a ƙirƙira wa Fafaroma magana?

Kuma bari in faɗi wannan da zuciya ɗaya: ina son a samu kafafen Afirka masu ƙarfi, wallahi ina so. Abin kunya ne a ce abu ya faru a Yamai, mutumin Kano sai ya jira London ko Paris ta gaya masa. BBC ta buɗe sashen Hausa tun 1957, Jamus da Sin suka biyo a 1963, Amurka a 1979, Faransa a 2007, Turkiyya da Iran ma suna da nasu. Kowa yana son kunnen Bahaushe, kuma ba don Allah ba. Ranar da Trump ya sa hannu a takarda guda a Maris 2025, sashen Hausa na Muryar Amurka ya yi tsit, dattijon da ya saba manna rediyo a kunne da asuba yana murɗa tasha sai shuuu yake ji, ba wanda ya nemi shawararsa. Iyayenmu sun hango wannan. Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka ta kafa kamfanin dillancin labarai na PANA a 1979, hedikwata a Dakar, don Afirka ta riƙa ba da labarin kanta. A 1980 UNESCO ta fitar da rahoton kwamitin MacBride kan rashin adalcin yadda labarai ke gudana a duniya, hayaniyar da ta biyo baya tana cikin abin da ya sa Amurka ta fice daga hukumar a 1984, Ingila ta bi ta a 1985. Amma wa ya karya PANA? Gwamnatocinmu ne suka ƙi biyan kuɗin da suka yi alkawari, kuma abin da ma'aikatun watsa labaransu ke aika mata bai wuce "Mai Girma ya tafi, Mai Girma ya dawo" ba.

Wannan shi ne gadon da ba a son a taɓa. Ana ta maganar gumaka da sunayen tituna, an manta cewa Bature ya bar mana dokar toshe baki, mun kuma rungume ta hannu bibbiyu. Dokar jaridu ta 1903 a Legas, dokar hana tunzura jama'a ta 1909, duk don a hana baƙar fata tambayar Gwamna aka yi su. Da irinta aka gurfanar da Azikiwe da Wallace-Johnson a Akkara a 1936. Da irinta aka ɗaure Anthony Enahoro yana matashin edita a 1946, aka ɗaure Raji Abdallah da 'yan uwansa na ƙungiyar Zikist, aka ɗaure Nkrumah a 1950. 'Yan NEPU kuwa su suka san abin da bulalar En'e take nufi. Waɗannan mutane jaridarsu mai mulkin da ke kansu take caccaka, wanda zai iya aiko musu da ɗan doka cikin dare. Ba a nesa suka tsaya suna jifa ba. Yau kuma ka zauna da waya kana zagin Macron, wanda bai san kana duniya ba, ka kira kanka jarumi. Ka zagi kwamandan da ke garinku mana mu gani.

A Nijar an rufe RFI da France 24 a Agustan 2023, aka dakatar da BBC wata uku a Disamban 2024. To na ji, a ce su baƙi ne, a ce sun saba da raini. Samira Sabou fa, 'yar jarida 'yar ƙasa, da aka ɗauke a Satumban 2023 aka yi kwanaki ba a san inda take ba? Gidan 'yan jarida na Yamai da aka dakatar a Janairun 2024 fa? Moussa Tchangari fa? Wannan mutumi ya yi shekaru yana sukar sansanonin sojojin ƙasashen waje a Nijar tun lokacin da faɗin haka ke kai mutum kurkuku, tun wasu masu ihun yau suna cin abinci a teburin gwamnatin da ta shigo da su. An kama shi a Disamban 2024. Ku nuna mini shafi ɗaya cikin masu jera tutocin nan da ya sa hotonsa. A Mali an soke lasisin Joliba TV a ƙarshen 2024 saboda wani baƙo ya yi shakkar labarin yunƙurin juyin mulki a Burkina. Kun ji fa, shakka kawai.

Kuma a Burkina Faso ake tura 'yan jarida fagen daga, ƙasar Norbert Zongo, wanda aka ƙone a cikin mota ranar 13 ga Disamba 1998 saboda yana binciken mutuwar direban ƙanin shugaban ƙasa. Mutanen ƙasar nan sun yi shekaru suna fita titi kan jininsa. Da Zongo yana raye yau, na rantse da a bakin daga yake da kaki, shafukanku suna kiransa ɗan amshin shatar Faransa.

"Ai lokacin yaƙi ne, ba a tona asirin gida." Haka Gwamna ya ce. Haka D.O. ya ce. Ku kawo wata.

Maganar kuɗi ma sai an yi ta. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Lokacin da Antony Blinken, sakataren harkokin wajen Amurka na lokacin, ya fito a Satumban 2024 ya ce RT ce ke tafiyar da kafar labaran intanet ta African Stream a ɓoye, cikin 'yan kwanaki YouTube da Meta da TikTok suka share shafukansu. Su sun musanta, ba a kai kowa gaban alƙali ba, kafar ta ƙarasa rufewa a 2025. Ban ji daɗi ba, na faɗa a lokacin, ina nan kan bakana: minista a Washington ya yi tari, kamfani a Kaliforniya ya kashe kafar da ke Nairobi, wannan shi ne mulkin mallaka na zamani ƙiri-ƙiri. Amma hakan bai hana ni yi wa kowace kafa tambaya ɗaya ba, ta Yamma ce ko ta Gabas ko ta gida: wa ke biyan ku? BBC dai mun san inda kuɗinta ke fitowa, shi ya sa muke iya sauraronta da kunne ɗaya. Kai mai mabiya rututu, ba talla, ba kuɗin shiga, ba sunan edita, ba adireshi, ga bidiyo mai tsada kullum, aljanu ne ke ɗaukar nauyinka?

Gwajin ma mai sauƙi ne. A Maris 2022 an yi kisa a Moura, tsakiyar Mali. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na Mayun 2023 ya ce aƙalla mutum 500 sojojin Mali da wasu sojojin waje suka kashe, gwamnatin Bamako ta ce ƙarya ne. To ku je ku bincika da kanku mana, ba ku ne muryar Afirka ba? Waɗanda suka mutu ba 'yan Afirka ba ne? Da farar fatar da aka gani a garin Faransanci yake ji, da yanzu an yi bidiyo ɗari. Da yake daga Mosko ya zo, shiru kake ji. Gawar Bafulatanin Moura ba ta da daraja sai in Faransa ce ta harbe shi.

Ga kuma inda abin ke ƙarewa. Agustan 2024, zanga-zangar tsadar rayuwa, yara a Kano da Kaduna suka ɗaga tutar Rasha, aka kama har da teloli masu ɗinka ta. A Nuwamba aka kawo wasunsu kotu a Abuja da tuhumar cin amanar ƙasa, ƙananan yara, ƙasusuwa a waje, wasu suka zube a gaban alƙali saboda yunwa. Gwamnati ta yi abin kunya, babu ko tantama. Amma waɗanda suka yi watanni suna cusa musu cewa Putin na nan tafe ya cece su, ko ruwan leda sun kai musu? Su dai mabiya sun ƙaru.

Saboda haka ku ci gaba da kira na yaron Faransa, ba komai. Ni dai ba zan yi wa wani soja tafi ba don kawai ya iya jawabi da jar hula, ko da kuwa rabin abin da yake faɗa a kan Faransa gaskiya ne, kuma gaskiya ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Af, tunda an zo nan. Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025, Faransanci ya koma harshen aiki, an yi ta murna a nan har da masu hawaye. Ni ma na ji daɗi. Amma har yanzu manyan kafafen nan masu kishin Afirka da Ingilishi da Faransanci suke magana, mu sai dai wani yaro ya ɗora fassarar gaggawa a kai yana haɗiye rabin kalmomin. Tun 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana edita, kuma Turawan mulkin mallaka ne suka ga dacewar a yi wa Bahaushe jarida da harshensa. Wa zai fassara dokokin Nijar zuwa Hausa, da wane rubutu, na Kano ko na Damagaram? Akwai wanda ya san ko an kafa kwamiti? Ina tambaya ne da gaske, 'yan uwa na Maraɗi da Tawa ku amsa mini.