Maƙwabta ne suka fara riƙe mutanen Fotokol

Wani labarin jarida ya ce ƙungiyoyin agaji ne suka riƙe garuruwan iyaka lokacin da rokoki ke faɗowa, amma wannan rabin magana ce. A 2014, da Boko Haram suka kama Gamboru a Najeriya, kogin El Beid kaɗai ya raba su da Fotokol a Kamaru, abin da aka harba a can a kan gidajen mutane yake sauka a Fotokol. Kafin wata mota mai tambari ta iso, wa ya buɗe zaure? A unguwarmu a Kusiri, nan Kamaru, na ga gida mai ɗaki uku ya ɗauki iyalai biyu da suka gudo, tsofaffi a ciki, samari a tabarma ƙarƙashin darbejiya. Mata suka karkatar da kuɗin adashi zuwa buhun dawa, bayan sallar Juma'a a zagaya da tasa, mai ɗari ya saka, mai hamsin ma ya saka. Sansanin Minawao yana can kusa da Mokolo, kuma 'yan gudun hijirar Najeriya aka tanadar wa shi, 'yan ƙasa da suka gudu daga ƙauyukansu sai gidan dangi. Malam mai cewa komai ya koma daidai, don Allah ka tambayi manomin da har yau ba ya iya kwana a gonarsa, ko 'yan banga masu gadin dare da kwari da baka. Yaushe jarida za ta je ta ji yadda masu masaukin nan suka biya bashin hatsin da suka ciyar da baƙi?